Lissafi Tun Daga Zanin Goyo: Yadda Ƙwaƙwalwar Yaro Ke Haɗa Adadi Da Wuri



Duk ranar da kika zo awon ciki, bayan an gwada jininki da nauyinki, ungozoma kan ce ki kwanta, ta ɗauko tef irin na tela ta auna daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa. Daga wajen mako 24 zuwa mako 36, tsawon da take samu a santimita yakan yi kusa da yawan makonnin cikin. Idan cikin na mako 30 ne, tef zai nuna 30, ko ya ɗara da kaɗan, ko ya gaza da kaɗan. Bayan kin sauka lafiya kuma, za a ba ki katin awon jariri, inda ake ɗiga nauyinsa wata-wata. Ko ba a yi miki bayani ba, kina ganin layin ya yi sama sai hankalinki ya kwanta, kina ganin ya miƙe ko ya yi ƙasa sai gabanki ya faɗi.

A nan tsawo ya zama lamba, lamba kuma ta zama layi mai hawa da sauka. Haka ma yake a maganarmu ta kullum. Mukan ce farashi ya hau, kuɗin masara ya sauko, goma tana gaba da tara. Tsofaffi kan ce ashirin ba ɗaya a maimakon goma sha tara, kamar mutum ya isa ashirin ya ja da baya taku guda. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun gano cewa wannan haɗa adadi da wuri yana farawa ne tun kwanakin farko na rayuwa, kuma a kansa ake ɗora lissafin makaranta daga baya. Saboda haka ya kamata ke da maigida ku san yadda abin yake girma, da abin da ke cutar da shi, da abin da ke ƙarfafa shi.

Layin da ke cikin kan manya

Tun a shekarar 1880 wani masani a Ingila mai suna Francis Galton ya rubuta cewa akwai mutanen da idan suka tuna lambobi sukan gan su a jere a cikin zuciyarsu, kowace lamba da mazauninta. A lokacin an ɗauka wasu tsirarun mutane ne kawai ke da wannan hali.

A 1993 Stanislas Dehaene da abokan aikinsa a Faransa suka yi wani gwaji mai sauƙi. Ana nuna wa mutum lamba ɗaya a kwamfuta, ya danna maɓalli ya faɗi ko tana rabuwa gida biyu daidai ko ba ta rabuwa. Ba a tambaye shi girman lambar ba. Duk da haka sai aka ga hannun hagu ya fi saurin amsawa idan lambar ƙarama ce, kamar 1 ko 2, hannun dama kuma ya fi sauri idan babba ce, kamar 8 ko 9. Bambancin bai kai ƙiftawar ido ba, amma yana fitowa a gwaji bayan gwaji. Wato a cikin kan waɗannan mutane akwai wani layi da ba su san da shi ba, ƙananan lambobi a hagu, manya a dama.

Abin da jariri ke zuwa da shi

Jariri sabuwar haihuwa ba ya gani da nisa. Abin da ya fi gani shi ne wanda ke tsakanin santimita 20 zuwa 30 daga idonsa, wato kamar nisan fuskarki idan kina ba shi nono. Tun da ba ya magana, masu bincike kan lura ne da abin da ya fi tsura wa ido da kuma daɗewar da ya yi yana kallo.

A 2009, a birnin Paris, Véronique Izard da abokan aikinta suka gwada jarirai 'yan kimanin kwana biyu. Ana jiyar da jariri sauti a jere, sau 4 ko sau 12, sannan a nuna masa hoto mai siffofi 4 ko 12. Jariran sun fi daɗewa suna kallon hoton da yawan siffofinsa ya yi daidai da yawan sautin da suka ji. Ba ƙirgawa suke yi ba, domin ba su san ɗaya ba balle biyu. Kintace ne, irin wanda kike yi idan kin dubi tsibi biyu na tumatir a kasuwa kika san wanda ya fi yawa ba tare da kin ƙirga ba. A wannan lokaci sai bambancin ya kai kamar ninki uku kafin jariri ya gane shi sosai.

A 2014 Maria Dolores de Hevia, ita ma a Paris, ta nuna cewa jarirai kan haɗa yawa da tsawo: idan sautin da suke ji ya ƙaru daga 6 zuwa 18, hankalinsu ya fi tafiya ga layin da shi ma ya ƙara tsawo. A 2017 kuma ta ba da rahoton cewa jarirai 'yan ƙasa da kwana huɗu sun fi duban hagu idan adadin ya ragu, sun fi duban dama idan ya ƙaru.

An ga irin wannan har a 'yan tsaki. A 2015 Rosa Rugani ta Jami'ar Padova a Italiya ta koya wa 'yan tsaki masu kwana uku neman abinci a bayan wani kwali mai ɗigo 5. Da aka ajiye musu kwali biyu, kowanne da ɗigo 2, yawancinsu suka nufi na hagu. Da aka sa masu ɗigo 8, suka nufi na dama. Waɗanda aka koya wa ɗigo 20 kuwa, da suka ga 8 sai suka yi hagu, domin yanzu 8 ta zama ƙarama.

Daga wata biyar zuwa yaye

Kintacen nan yana ƙara kaifi da girma. Bincike a Amurka a shekarar 2000 ya nuna ɗan wata shida yana bambanta ɗigo 8 da 16, amma 8 da 12 sun yi masa kama. Zuwa wata tara yana gane bambancin 8 da 12. Kafin nan, a 1992, Karen Wynn ta nuna wa 'yan wata biyar 'yartsana ɗaya, ta kare ta da labule, ta ƙara wata a bayan labulen a kan idonsu. Idan aka yaye labule aka ga ɗaya tak a maimakon biyu, jariran kan daɗe suna kallo, kamar masu mamaki.

A waɗannan watanni ne yaro ke fara miƙa hannu, ya zauna, ya yi rarrafe, ya tsaya. Kowane ɗaya daga cikinsu darasi ne na nisa da kusa, sama da ƙasa, ciki da waje. Yaron da ke jefa murfi a cikin kwano ya juye ya sake jefawa, aiki yake yi.

Shekara biyu zuwa bakwai

Da yawa daga cikin 'yan shekara biyu sun iya cewa ɗaya, biyu, uku har goma, iyaye su yi ta murna. Sai dai a wannan lokaci waƙa ce kawai a bakinsa. Ki gwada ki ce ya ba ki ƙwallon dabino uku, za ki ga ya damƙo cike da hannu. Yakan fara gane ma'anar ɗaya, bayan watanni ya gane biyu, sannan uku. Galibi sai wajen shekara uku da rabi zuwa huɗu yake fahimtar cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce yawan abin da ya ƙirga.

Akwai kuma wani abu da ke jawo rigima a tsakar gida. Masanin nan na ƙasar Siwizalan, Jean Piaget, ya nuna cewa idan aka jera abubuwa layi biyu masu yawa ɗaya, sannan aka baza layi ɗaya ya yi tsawo, yaro ɗan huɗu ko biyar zai ce mai tsawon ya fi yawa. Haka idan kika zuba wa yara biyu kunu ludayi bibbiyu, ɗaya a dogon kofi ɗaya a kwano mai faɗi, mai kwanon zai yi kuka an cuce shi. Wannan ba haɗama ba ce, ba kuma rashin wayo ba ne. Tsawo da yawa ne har yanzu ba su rabu a kansa ba. Yawancin yara kan wuce wannan mataki a shekara shida zuwa bakwai.

Da yaro ya shiga makaranta, layin da ke kansa sai ya fara daidaita. Robert Siegler da abokan aikinsa a Amurka sun riƙa ba yara layi mai 0 a wannan baki da 100 a wancan, su ce yaro ya nuna inda 15 ko 60 take. 'Yan shekara biyar zuwa shida kan ba ƙananan lambobi fili mai yawa, su cunkushe manya a ƙarshe. A wurinsu tazarar 1 da 10 ta fi tazarar 80 da 90 nesa ba kusa ba. 'Yan aji biyu sukan raba layin daidai, amma da an mayar da shi 0 zuwa 1000 sai su koma cunkusawa, sai sun ƙara shekaru. An kuma lura cewa yaran da layinsu ya fi daidaita su ne suka fi yin kyau a jarrabawar lissafi.

Allo da boko

Ko da yake jarirai sun nuna karkata zuwa hagu ga kaɗan, dama ga mai yawa, tarbiyya da karatu na iya ƙarfafa wannan ko su juya shi. Tun a gwajin 1993 an ga cewa 'yan Iran mazauna Faransa, waɗanda suka tashi da rubutu daga dama zuwa hagu, ba su nuna abin da Faransawa suka nuna ba, musamman waɗanda ba su daɗe da zuwa ba. A 2009 wani bincike ya kwatanta mutanen Kanada da Falasɗinawa masu karatun Larabci: a wurin Falasɗinawan ƙananan lambobi na dama, manya na hagu. An kuma ga yaran Falasɗinawa sun fi fara ƙirga abubuwa daga dama, yaran Ingila daga hagu, tun kafin su iya karatu, domin suna kallon yadda manya ke bin littafi da yatsa. A 2021 kuma an gwada mutanen Tsimane na ƙasar Boliviya waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, aka ga suna jera abubuwa bi da bi daga kaɗan zuwa mai yawa, amma kowa da ɓangaren da yake farawa.

Wannan ya shafe mu, domin ɗanki zai riƙe allo da safe ko da yamma yana bi daga dama, ya je boko ya bi daga hagu. Idan kika ga ya fara ƙirga daga dama bai yi kuskure ba. Abin da za ki kula da shi shi ne ya bi a jere, ya taɓa kowane abu sau ɗaya, kada ya tsallake, kada ya maimaita. Haka kuma juya lamba a rubutu, kamar 3 ta kalli baya, abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai.

Mazauninsu ɗaya a ƙwaƙwalwa

Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen da ke aikin kintata yawa yana can sama ta wajen bayan kai, dama da hagu, kuma yana maƙwabtaka da sashen da ke auna nisa da jagorantar ido da hannu. Masu shanyewar ɓarin jiki sun ƙara tabbatar da haka. Wasu da cutar ta taɓa musu ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa kan daina lura da duk abin da ke hagunsu, har su ci rabin abincin da ke kwano su bar na hagu. A 2002 Marco Zorzi da abokan aikinsa a Italiya suka tambayi irin waɗannan majinyata lambar da ke tsakiyar lambobi biyu. Sai amsarsu ta riƙa zamewa zuwa manyan lambobi, misali a ce tsakiyar 11 da 19 ita ce 17 a maimakon 15. Sun manta da hagun layin da ke cikin kansu kamar yadda suka manta da hagun kwano.

Kariya tun yana ciki

Ƙwaƙwalwar da za ta yi wannan aiki yanzu take ginuwa a cikinki, kuma za ta ci gaba da girma da sauri har yaron ya cika shekara biyu. Ga abubuwan da ke hannunku:

Ki riƙa zuwa awo a kan lokaci. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu.

Ki sha maganin ƙarin jini da aka ba ki kullum, ki yi girki da gishiri mai sinadarin aidin. Ƙarancin aidin a lokacin ciki na daga manyan abubuwan da ke dakushe basirar yaro, kuma ana iya kauce masa. Ki ajiye gishirin a rufe, nesa da murhu.

Ki kwana a cikin gidan sauro, ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a wurin awo. Zazzaɓin na jawo ƙarancin jini, da haihuwar ƙaramin jariri, da haihuwa kafin lokaci. Yaran da aka haifa bakwaini sosai sun fi sauran yara fuskantar wahalar lissafi idan sun shiga makaranta, don haka suna buƙatar ƙarin kulawa da bibiya.

Ki haihu a asibiti. Doguwar naƙuda na iya hana ƙwaƙwalwar jariri iska. Maigida, kai ne za ka tanadi kuɗin mota da izinin fita tun kafin ranar ta zo, ko da ba ka gari.

Idan idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya, musamman a rana ta farko, ko ya ƙi kama nono, a kawo shi nan take. Shawara mai tsanani tana lalata ƙwaƙwalwa da ji. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko shanya shi a rana, kada kuma a sa kafur a cikin kayansa.

A guji sa wa jariri kwalli, domin wasu nau'o'insa na ɗauke da dalma, ita kuwa dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Ba mu manta da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba.

Ki ba shi nono zalla wata shida, sannan ki haɗa da abinci mai gina jiki, a kuma kammala allurar rigakafi.

Makarantar tsakar gida

Ba sai kin sayi kayan wasa masu tsada ba. Wani bincike na Susan Levine a Chicago a 2010 ya nuna cewa yaran da iyayensu suka fi ambaton lambobi a gabansu tsakanin wata 14 da wata 30 sun fi fahimtar ma'anar lambobin lokacin da suka kusa shekara huɗu. Saboda haka ki yi magana da shi tun yana goye. Ki ƙirga yatsunsa wajen wanka. Ki ce ga ƙosai uku, ki taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ki ƙare da cewa uku ke nan. Ki yawaita kalmomin wuri: a kan tabarma, a ƙarƙashin gado, bayan randa, dogo, gajere, tsakiya.

Idan ya fara tafiya, ku ƙirga taku daga ƙofar ɗaki zuwa rijiya ko famfo. Idan ya ƙara girma, ya auna tabarma da taƙi, ya ga nasa taƙin ya fi naki yawa domin hannunsa ƙarami ne. Ya taya ki ƙirga gwangwani nawa ke cika mudu. Kaka ta bar shi ya bi ƙwayoyin carbi da yatsa. 'Yar gala-gala da carafke da dara duk wasanni ne da ke haɗa ƙirga da wuri, kuma mace da namiji duk su yi.

Ga wani wasa da aka gwada. A 2008 Geetha Ramani da Siegler suka ba yaran talakawa 'yan shekara huɗu zuwa biyar wani allo mai gidaje 10 a jere, an rubuta 1 zuwa 10. Zama huɗu kawai suka yi cikin mako biyu, kowane zama kimanin minti 15 zuwa 20. Yaran suka ƙara iya gane lambobi da kwatanta girmansu da sanya su a kan layi, kuma bayan mako tara abin bai gushe ba. Waɗanda aka ba allo mai launuka ba lambobi ba su samu wannan ci gaba ba. Za ki iya zana naki a bayan kwali ko a ƙasa da gawayi. Kowa ya ɗauki tsakuwa ko murfin kwalba, a jefa kwabo ko murfi a ga ko taku ɗaya za a yi ko biyu. Sharaɗin shi ne yaro ya faɗi lambar gidan da yake takawa: idan yana kan 3 ya samu taku biyu, ya ce huɗu, biyar. Yayye da maigida su shiga, minti goma bayan sallar la'asar ya isa.

Yaushe za a kawo shi asibiti?

Yara ba sa girma da sauri ɗaya, kuma shekarun da muka ambata kimantawa ce. Amma ki kawo shi a duba idan a wata uku ba ya bin fuskarki da ido ko ba ya firgita da ƙara, idan a wata shida ba ya miƙa hannu ya kama abu, idan a shekara ɗaya da rabi bai fara tafiya ba, ko idan ya daina yin abin da ya riga ya iya.

Akwai kuma yaran da hankalinsu kalau, bakinsu kalau, amma lambobi sun ƙi zama a kansu. Yaro ya kai shekara bakwai ko takwas yana kasa faɗin wadda ta fi girma tsakanin 6 da 9 sai ya ƙirga, ko kullum canji na ruɗa shi idan an aike shi. Ana kiyasta cewa yara 3 zuwa 7 a cikin 100 na da wannan larura ta koyon lissafi. Bulala ba ta maganinta, kiran yaro daƙiƙi kuwa tsoron lissafin yake ƙara masa. A fara kawo shi sashen yara a duba idonsa da kunnensa da jininsa, sannan a zauna da malaminsa a koma da shi ga tsakuwa da layi da yatsu, a bi da shi a hankali.

Ki tafi da wannan takarda gida ki karanta wa maigida da kaka, ki kuma riƙa zuwa da katinki duk ranar awo. Idan kina da tambaya, ki yi wa ungozoma ko likitan da ya duba ki.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa, Ya yi masa albarka. Amin.